Kalanda da Magani a Tarihin Ƙasar Sin: Yadda Aka So Kashe Su Tare a 1929

Gabatarwa

A watan Fabrairu na shekarar 1929, gwamnatin ƙasar Sin, wadda a lokacin take da mazauni a birnin Nanjing, ta sa ƙafar wando ɗaya da abubuwa biyu da talakawanta suka gada kaka da kakanni. Na farko shi ne tsohuwar kalandarsu, tare da bikin sabuwar shekara da ke tafe da ita. A wannan shekarar bikin ya faɗo ranar 10 ga Fabrairu, kuma an umarci ma'aikatan gwamnati da su fito aiki kamar kowace rana. Na biyu shi ne maganin gargajiya. Makonni biyu bayan bikin, kwamitin kiwon lafiya na ƙasa ya yi zamansa na farko, ya kuma amince da wata shawara wadda, da an zartar da ita, da sana'ar masu maganin gargajiya ta mutu tare da masu yin ta.

Wannan takarda tana ƙoƙarin nuna cewa haɗuwar waɗannan hukunce-hukunce biyu a wata guda ba katari ba ne. A tunanin Sinawa na dauri, lissafin shekara da kula da jiki abu ɗaya ne, kuma yawancin al'adun sabuwar shekara da a yau ake kallo a matsayin shagali, asalinsu riga-kafin cuta ne. Saboda haka duk wanda ya tashi rusa ɗaya, sai ya tarar da ɗayan a gabansa.

Dangane da sunaye, an bar su yadda Sinawa ke rubuta su da boko. Ɗalibi ya lura cewa harafin q yana kusa da c na Hausa, x yana kusa da sh, zh kuma yana kusa da j.

Lissafin shekara

Kalandar Sinawa ta gargajiya tana bin wata da rana a lokaci guda. Kowane wata yana kamawa ne daga ranar da wata ya ɓuya ɗungum, ba daga ganin jinjirinsa ba, kuma yakan yi kwana 29 ko 30. Watanni 12 irin waɗannan suna ba da kwana 354, wato sun gaza shekarar rana da kimanin kwana 11. Kalandar Hijira tana barin wannan giɓi yadda yake, shi ya sa azumi ke zagayawa daga damina zuwa bazara zuwa hunturu. Su kuwa Sinawa cike shi suke yi: sukan ƙara wata na 13 har sau 7 a cikin kowace shekara 19. Da wannan dabara sabuwar shekararsu ba ta taɓa fita daga tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu, wato ƙarshen sanyi.

Baya ga watanni, sun raba shekarar rana zuwa zango 24, kowanne kimanin kwana 15, kuma kowanne da sunan da ke faɗa wa manomi abin da zai gani: Farkawar Ƙwari, Babban Zafi, Farar Raɓa, Saukar Jaura, Babban Sanyi, da sauransu. Cikakken jerin sunayen ya zo a littafin Huainanzi, wanda aka miƙa wa fada a shekara ta 139 kafin Miladiyya. A shekara ta 104 kafin Miladiyya kuma Sarki Wu na daular Han ya ƙaddamar da kalandar Taichu, wadda ta tsayar da farkon shekara a watan da har yau ake bikin. Kafin nan, a zamanin daular Qin da farkon Han, wata na goma ne ake ɗauka a matsayin bakin shekara.

Fitar da kalanda aiki ne na sarki shi kaɗai, domin alama ce ta cewa mulkinsa ya dace da tafiyar sama. Amma abin da ke shiga gidan talaka shi ne ɗan littafin kwanaki da ake bugawa kowace shekara, wanda ke nuna ranar da ta dace da aure ko tafiya ko aza harsashin gini. A cikin jerin nan har da ranar da ta dace a nemi likita, da ranar da bai kamata a soka wa mutum allurar magani ba. Ke nan tun a wannan ɗan littafi kalanda da magani sun riga sun kwana a shafi ɗaya.

Akwai wata matsalar fassara da ta cancanci tsayawa a kanta. Sinawa suna da yanayi huɗu, na farkonsu shi ne chun, lokacin da ƙanƙara ke narkewa, itatuwa su yi toho. Kafofin watsa labarai na Hausa, musamman sashen Hausa na rediyon ƙasar Sin, sun saba fassara shi da "bazara", har ake cewa Bikin Bazara. Alhali a wurin Bahaushe bazara lokaci ne na ƙunar rana da ƙarancin ruwa. Kalmar ta riga ta zauna, ba a ce a tayar da ita ba, sai dai duk inda aka ci karo da ita a wannan takarda, a tuna cewa ana nufin ɗumin da ke biyo bayan sanyi mai tsanani.

Jiki da yanayi

Littafin da ake ɗauka a matsayin tushen likitancin Sinawa shi ne Huangdi Neijing. Ana jingina shi ga wani sarki na almara, amma masana sun tafi a kan cewa an harhaɗa shi ne daga rubuce-rubucen mutane da yawa a tsakanin ƙarni na 2 da na 1 kafin Miladiyya, wato kusan zamani ɗaya da kalandar Taichu. Yana da sassa biyu, kowanne da babi 81. Tun a babi na biyu ya shiga zancen yanayi. Abin da yake koyarwa shi ne mutum ya sauya lokacin kwanciyarsa da na tashinsa gwargwadon yanayi: da hunturu ya kwanta da wuri, ya jira hasken rana kafin ya fito, ya guji yawan gumi, da bazara ya yi sammako, ya taka ƙasa, ya sassauta tufafi da zuciya. Wanda ya saɓa wa wani yanayi, a cewar littafin, sai a yanayi na gaba zai ga sakamakon. Daga nan ne aka samo ra'ayin da Sinawa ke alfahari da shi har gobe, cewa gwanin likita shi ne wanda ke tarar cuta tun ba ta zo ba.

An gina wannan koyarwa a kan rabe-rabe guda biyu. Akwai yin da yang, wato ɓangaren sanyi da duhu da natsuwa, da ɓangaren zafi da haske da motsi. Akwai kuma abubuwa biyar masu bin juna: itace, wuta, ƙasa, ƙarfe da ruwa. An haɗa kowanne da yanayi da kuma wata gaɓa ta ciki. Bazara ta tafi da itace da hanta, lokacin zafi da wuta da zuciya, kaka da ƙarfe da huhu, hunturu da ruwa da ƙoda. Da yake yanayi huɗu ne, abubuwan kuwa biyar, sai aka yanko ƙarshen lokacin zafi aka ba ƙasa da saifa. Wannan ciko kaɗai ya isa ya nuna cewa tsari ne da aka fara zanawa a ka, sannan aka nemi jiki ya shiga ciki. Ilimin tiyata bai gano wata alaƙa ta musamman tsakanin hanta da watan Fabrairu ba. Amma tsarin ya yi wa masu shi aiki ta wata fuskar, domin ya ba likita da manomi da uwar gida harshe ɗaya na magana a kan abinci da barci da sutura.

Wanda ya mayar da wannan tunani takardar magani shi ne Zhang Zhongjing, a ƙarshen daular Han. A gabatarwar littafinsa ya ba da labarin cewa danginsa sun haura mutum 200, amma daga shekarar 196 ba a cika shekara goma ba sai da kashi biyu cikin uku suka mutu, mafi yawansu da zazzaɓin da ya kira shanghan, wato raunin sanyi. Bahaushen da ya saba jin an ce "sanyi ya kama shi" ba zai sha wahalar gane abin da ake nufi ba, ko da yake kalmar Sinawa ta haɗa har da annoba masu kisa. Daga cikin haɗe-haɗensa akwai romon naman rago da citta da wata saiwa mai suna danggui, wanda har yau ake dafawa da hunturu. Akwai ma hikayar da ke cewa shi ya ƙirƙiro jiaozi, ɗan ƙullin fulawa mai nama a ciki da mutanen arewacin Sin ke ci a daren sabuwar shekara, wai don ya warkar da kunnuwan talakawa da sanyi ya cinye. Wannan dai hikaya ce ta baya-bayan nan, ba ta cikin rubutunsa.

Sabuwar shekara a matsayin riga-kafi

Idan aka karɓi cewa cuta tana shigowa ne a mahaɗar yanayi da yanayi, to babu mahaɗa mafi haɗari kamar daren da tsohuwar shekara ke miƙa wa sabuwa. Tarihin daular Han ta baya ya bayyana wani biki mai suna nuo da ake yi a fada a ƙarshen shekara. Akan tara yara maza 120, masu shekara 10 zuwa 12, da jajayen ɗankwalaye da ƴan ganguna a hannu. Wani mutum sanye da fatar dabba da fuskar dodo mai ido huɗu yakan ja gaba, su bi lungu-lungu na fada suna ihu don korar aljannun annoba. Daga ƙarshe mahaya dawaki su karɓi wutar yula, su kai ta bayan gari su jefa a kogin Luo.

A ƙarni na 6 wani malami mai suna Zong Lin ya rubuta littafi a kan bukukuwan shekara na yankin tsakiyar kogin Yangzi, kuma yana cikin daɗaɗɗun cikakkun bayanai da ake da su a kan safiyar sabuwar shekara a gidan talaka. Da carar zakara ake tashi, a jefa gora cikin wuta a tsakar gida, ta yi ta fashewa, don a firgita wani aljanin dutse da ake cewa yana sa zazzaɓi. Wannan gorar ce daga baya, da aka gano albarushi, ta zama kayan fashe-fashen da bikin ya yi suna da su. Bayan gaisuwa sai a kawo faranti mai ganyaye biyar masu yaji, ciki har da tafarnuwa da dangin albasa, da nufin su buɗe gaɓoɓin ciki biyar bayan rufewar hunturu. Sai kuma giyar magani mai suna tusu.

Tusu ya cancanci ɗan bayani, domin a kansa ne aka fi ganin hannun likita a cikin biki. Sun Simiao, babban likitan daular Tang wanda ya rasu a 682, ya rubuta yadda ake haɗa shi. Akan daka saiwoyi da ɓawo, ciki har da kirfa da wani irin barkono na Sichuan, a ƙulle a jan ƙyalle, a rataya cikin rijiya a ranar jajibiri. Da safe a ciro a jiƙa a giya, kowa a gidan ya kurɓa, ragowar garin kuma a mayar rijiya, don duk mai shan ruwanta ya sami kariya a shekarar. Cikin kayan haɗin akwai saiwar wani tsiro mai dafi, wadda idan ta yi yawa tana kisa, saboda haka kurɓa ce kawai, ba sha ba. Wani abin sha'awa shi ne, saɓanin al'adar Sinawa ta fara ba babba, a nan ƙaramin yaro ke fara sha, tsoho ya zo ƙarshe. Dalilin da aka bayar shi ne yaro ya sami ƙarin shekara, tsoho kuwa ya rasa ɗaya daga cikin waɗanda suka rage masa. A yau da wuya a sami gidan da ke shan tusu a ƙasar Sin, amma al'adar ta ƙetara Japan, inda har yanzu ake yin ta da sunan otoso.

Haka sauran al'adun suke. Ana share gida ƙal, a fitar da tarkace, a kwanakin 20 da wani abu na watan ƙarshe. Kuɗin da ake ba yara a jar ambulan, asalinsu tsabobi ne da ake zarga wa jan zare a ajiye kusa da shimfiɗar yaro don kare shi daga miyagun iskoki. A zamanin daulolin Ming da Qing, bayan bikin fitilu na ranar 15 ga wata, matan Beijing sukan fito cikin dare ƙungiya-ƙungiya su yi ta tafiya suna ƙetare gadoji, al'adar da ake kira tafiyar zubar da cututtuka ɗari. Ga matan da ba su cika fita ba, wannan dare magani ne ko da babu wata cuta da aka zubar.

Harbin, 1911

Jarrabawa mai tsanani ta zo wa wannan tsari a ƙarshen daular Qing. A kakar 1910 annobar huhu ta ɓarke a Manchuria, a arewa maso gabas, tsakanin mafarautan wata dabbar daji mai kama da gafiya da ake nema don fatarta. Abin da ya ƙara rura ta shi ne ƴan ci-rani da ke cika jiragen ƙasa don komawa gida bikin sabuwar shekara. Kafin ta lafa ta kashe kimanin mutum 60,000. Kusan duk wanda ta kama sai ya mutu, kuma da yawa daga masu maganin gargajiya da suka shiga jinya sun bi majinyatansu.

Fada ta tura Wu Lien-teh, wani matashin likita haifaffen Penang wanda ya yi karatu a Cambridge ta Ingila. Ya gano cewa ta numfashi cutar ke yaɗuwa, ya sa a riƙa ɗaura takunkumin auduga, a killace masu cuta, a tsayar da jiragen ƙasa. Ƙasa ta daskare, ba a iya haƙa kabari, gawawwaki sun yi layi a bayan garin Harbin. Wu ya nemi izinin ƙona su, abin da a al'adar Sinawa cin mutuncin iyaye ne, fada kuma ta yarda. An cinna wa gawawwaki sama da 2,000 wuta a ƙarshen Janairu 1911, daidai da kwanakin sabuwar shekara. A wannan makon ne Wu ya raba takardu yana kiran mutane su yi fashe-fashensu na biki har cikin ɗakuna, bisa tunanin cewa hayaƙin farar wuta zai tsabtace iska, mutane kuma su sami ƙarfin zuciya. Zuwa farkon Maris mace-mace sun tsaya a Harbin. Killacewa da takunkumi ne suka yi wannan aiki, ba hayaƙi ba, amma likitan Cambridge ya gane cewa umarni ya fi shiga idan ya biyo ta ƙofar da mutane suka sani.

Daga 1912 zuwa 1936

Shekara guda bayan haka daular Qing ta faɗi. Sun Yat-sen, wanda shi kansa likitan zamani ne da ya yi karatu a Hong Kong, ya kama mulki ranar 1 ga Janairu 1912, ya kuma ayyana kalandar Miladiyya a matsayin ta hukuma. Sunan da aka saba kiran ranar farko ta shekara da shi, Yuandan, aka ɗauke aka ba 1 ga Janairu. Tsohon biki ya zauna babu suna, har sai 1914 da gwamnatin Yuan Shikai ta raɗa masa Chunjie, wato Bikin Bazara. Ke nan sunan da a yau ake ji kamar na tun fil azal, bai daɗe da cika shekara ɗari ba a wannan ma'ana.

Ƴan bokon wannan zamani Japan suke kallo. Ita ta koma kalandar Miladiyya tun 1873, kuma a cikin shekarun da suka biyo ta wajabta jarrabawar likitancin Turai ga duk mai son lasisi, ta haka ta tura maganin gargajiya gefe. Japan ta yi ƙarfi har ta ci Sin da yaƙi a 1895. Ba kuma za a ce ƙorafin waɗannan matasa babu tushe ba. Marubuci Lu Xun ya ba da labarin yadda masu magani suka yi ta cin kuɗin gidansu a jinyar mahaifinsa, har da tura shi neman gyare biyu, mace da namiji, waɗanda ba su taɓa sauya abokin zama ba, mahaifin kuma ya mutu.

Da jam'iyyar Guomindang ta kafa gwamnati a Nanjing, sai ta ɗaura ɗamarar gama aikin. Daga 1929 aka hana buga tsohuwar kalanda, aka ce duk shagalin biki a mayar da shi 1 ga Janairu. A wasu garuruwa ƴan sanda sun riƙa tilasta wa ƴan kasuwa buɗe shagunan da suka rufe don biki. A ɓangaren magani kuwa, mai shawarar shi ne Yu Yunxiu, likitan da ya yi karatu a Osaka, wanda tun dawowarsa ya rubuta littafi yana warware Huangdi Neijing. Shawararsa ba ta ce a kama kowa ba. Ta ce a yi wa masu maganin da ke akwai rajista sau ɗaya tak, a rufe rajistar a ƙarshen 1930, a hana su buɗe makarantu, a hana su talla a jaridu. Sauran aikin sai a bar wa mutuwa.

Masu magani, waɗanda a da kowa gashin kansa yake ci, suka haɗa kai. Ranar 17 ga Maris 1929 wakilai daga larduna 15 suka taru a Shanghai, masu shagunan magani suka rufe don goyon baya, aka tura tawaga Nanjing. Da yawa daga manyan gwamnati su ma maganin gargajiya suke sha a gida. Aka jingine shawarar. A 1931 aka kafa cibiyar nazarin maganin gargajiya ta ƙasa, a 1936 kuma aka fitar da dokar da ta amince da sana'ar. Ita ma kalanda haka: mutane suka ci gaba da bikinsu, wasu a ɓoye wasu a fili, har gwamnati ta saki hannu a 1934.

Ga ɗalibin harshe, faɗan da aka yi a kan suna ya fi komai daɗin nazari. Gwamnati ta kira kalandar Miladiyya guoli, wato kalandar ƙasa, ta kira tsohuwar feili, wato sokakkiyar kalanda. Yu Yunxiu kuma ya kira abokan hamayyarsa masu "tsohon magani". Su kuwa sai suka yi wuf suka kama kalmar guo ɗin nan, suka ce nasu shi ne guoyi, maganin ƙasa, na su Yu kuwa maganin Yamma ne. Da zarar wannan suna ya kama, duk mai sukar su ya zama kamar mai sukar ƙasarsa.

Bayan 1949

Gwamnatin Kwaminis ta fara da bin sawun magabatanta, tana tura masu maganin gargajiya koyon na zamani. A 1954 Mao Zedong ya juya akalar, kasancewar likitocin zamani ba su isa ƙasa mai mutum sama da miliyan 500 ba. A 1955 aka buɗe cibiyar bincike a Beijing, a 1956 aka kafa kwalejoji huɗu a Beijing da Shanghai da Guangzhou da Chengdu. Aka rubuta littattafan karatu iri ɗaya, aka tsame zancen aljannu da zaɓen rana, aka shigo da ilimin sassan jiki. Masana tarihi irin su Kim Taylor da Bridie Andrews sun nuna cewa abin da ake koyarwa a yau da sunan maganin gargajiyar Sin, a wannan ƙarni na 20 aka tsara shi daga tsofaffin kaya.

Bikin kuwa ya sake shan duka. A Janairu 1967, ana tsakiyar Juyin Al'adu, aka soke hutunsa, ba a maido da shi a duk ƙasar ba sai 1980. A wannan shekara ta 1967 ɗin ce kuma, ranar 23 ga Mayu, aka ƙaddamar da wani shirin sirri na neman maganin zazzaɓin cizon sauro saboda sojojin da ke yaƙi a Vietnam. Tu Youyou, wadda ta shiga shirin a 1969, ta tattara haɗe-haɗen gargajiya sama da 2,000, ƙungiyarta ta gwada ruwan tsirrai kusan 200. Wani tsiro mai suna qinghao, ɗan uwan tazargade, yakan yi aiki yau ya ƙi gobe. Sai ta koma ga littafin Ge Hong na ƙarni na 4, ta lura cewa shi jiƙawa ya ce a yi a matse, bai ce a dafa ba. Ta sauya zuwa tatsa da ɗan zafi kaɗan, kuma a Oktoba 1971 samfuri na 191 ya kashe ƙwayar cutar a jikin ɓeraye baki ɗaya. Daga nan aka samo sinadarin atemisinin, ginshiƙin magungunan zazzaɓin da asibitocin Nijar da Nijeriya ke bayarwa tun tsakiyar shekarun 2000. An ba ta kyautar Nobel a 2015. Sau da yawa akan kawo wannan labari a matsayin hujjar cewa tsohon tsari gaskiya ne ɗungurungum. Abin da ya nuna bai kai haka ba: tsohon littafi ya ba da shawara mai kyau guda ɗaya, ɗakin gwaji kuma ya tace ta daga cikin ɗaruruwan da ba su yi aiki ba.

A yau duka biyun suna ƙarƙashin inuwar hukuma. Dokar maganin gargajiya ta fara aiki a 2017. Hukumar UNESCO ta sa zango 24 cikin jerin al'adun duniya a 2016, ta sa Bikin Bazara a Disamba 2024. Tsohuwar fargabar mahaɗar shekara ma ta dawo ta wata siga a 2020, lokacin da aka rufe birnin Wuhan ranar 23 ga Janairu, saura kwana biyu sabuwar shekara, saboda dalilin da ya sa Wu Lien-teh tsayar da jiragen ƙasa.

Fatar jaki

Al'adar ƙarfafa jiki da hunturu ba ta tsaya a iyakar Sin ba. Daga ranar da dare ya fi tsawo, wajen 22 ga Disamba, mutane sukan fara shan wasu magunguna masu kauri don tara ƙarfin shiga bazara, kuma sukan yi wa dattawa tsarabarsu a lokacin biki. Ɗaya daga cikin masu tsada a cikinsu shi ne ejiao, wani danƙo da ake samu idan an dafa fata ta narke, kamar yadda ganda ke yi idan ta daɗe a wuta. Sunan ya fito daga gundumar Dong'e a lardin Shandong. A da da fatar sa ake yin sa, daga baya aka koma fatar jaki, kuma abin masu hali ne ƙalilan. Da arziki ya yaɗu, masu saye suka yi yawa, alhali injina sun maye gurbin jaki a gona. Jakunan Sin sun ragu daga kimanin miliyan 11 a farkon shekarun 1990 zuwa ƙasa da miliyan 3 a 2020, sai ƴan kasuwa suka juyo Afirka.

Jaka takan ɗauki ciki kimanin shekara guda ta haifi ɗa ɗaya, saboda haka kiwo ba ya iya cim ma yanka. Farashi ya yi tashin gwauron zabo a kasuwannin kan iyaka irin su Maigatari, mai ɗiban ruwa da mai kai taki gona suka kasa sayen abin aikinsu. A 2016 hukumomin Nijar sun ce an fitar da jakuna kusan 80,000 a cikin watannin shekarar, alhali a 2015 duka 27,000 ne, suka kuma haramta fitar da su. Burkina Faso ta ɗauki irin wannan mataki a shekarar. A Fabrairu 2024, ƴan kwanaki bayan Sinawa sun shiga shekarar dodon ruwa, taron shugabannin Tarayyar Afirka a Addis Ababa ya amince da haramta yanka jakuna domin fatarsu a faɗin nahiyar.